TUN RAN GINI, TUN RAN ZANE: NAZARI A KAN FASALIN GIDAN BAHAUSHE DA TSARA SABON GIDA

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya saba zaga sababbin unguwannin da suka tsiro a bayan ganuwar Kano ko Katsina ko Zariya ko Sakkwato, zai lura da wani abu da kan faru a ranar suna ko biki ko rasuwa. Sai a ga an girke manyan tukwane a bakin titi mata suna tuƙa tuwo a idon masu wucewa, ko kuwa a ga an tare hanya da benci an baza tabarmi ana karɓar gaisuwa. Sau da yawa gidan da ake yin wannan hidima dominsa babba ne, an kashe masa dukiya, yana da ɗakuna biyar ko shida, kowane da banɗakinsa. Abin da ya rasa shi ne wurin da maigida zai zauna da baƙinsa, da wurin da matan gida za su hura wuta. Tun ranar da aka shata harsashinsa aka manta da su, kuma da yake siminti ba ya jin lallashi, gyaran ya zama sai da rushe-rushe.

Manufar wannan maƙala ita ce ta yi bayanin yadda Bahaushe yake yanke fasalin gidansa, wato yadda yake rarraba fili zuwa sassa kafin a aza tubali, da dalilan da suka sa kowane sashe ya zauna a inda yake. Daga nan za a duba abin da ya sauya, sannan a kawo misalin yadda mai gina sabon gida zai amfana da tsohon tsari. Masana irin su Friedrich Schwerdtfeger, wanda littafinsa a kan gidajen Zariya da Ibadan da Marrakesh ya fito a 1982, da Hamman Tukur Sa'ad a kundin digirinsa na uku na 1981, da J. C. Moughtin a 1985, da Z. R. Dmochowski a 1990, sun yi aiki mai zurfi a kan ginin Hausawa. Sai dai sun dubi abin ne da idon masu ilimin zanen gini. A nan za mu dube shi ta fuskar al'ada da harshe, kuma abin da muke son tabbatarwa shi ne cewa gidan Bahaushe jerin matakan izini ne: kowane sashe yana faɗa wa mai shigowa iyakar inda matsayinsa ya kai shi.

2.0 Yadda Ake Yanke Fasali

Abin da ake nufi da fasalin gida shi ne tsarin zaman sassansa a ƙasa: ina ƙofa za ta duba, ina ɗaki kaza zai zauna, wace hanya za a bi daga wannan wuri zuwa wancan, kuma ina za a bari fili. A gargajiyance ba a zana wannan a takarda. Maigida da magini ne kan tsaya a filin, galibi tare da wani dattijo na dangi, su tattauna. Magini ya ja layi a ƙasa da ƙafarsa ko da sanda, a bi da toka ko a kafa turaku a ɗaura igiya. Ma'aunan kuwa na jiki ne: taƙi, da kamu, da taki, da gaba. Wannan hanya tana da wata fa'ida da takarda ba ta da ita, domin maigida yana iya shiga cikin shacin ya tsaya, ya kwatanta inda gado zai zauna, ya ce a ƙara taki guda ko a rage, tun ba a kwaɓa ƙasa ba.

Abin da aka fi farawa da shi shi ne kewaye filin, da katanga ga mai hali, ko da danga ko darni ga mai ƙaramin ƙarfi. Sai zaure, sai ɗakin matar gida, sai makewayi. Sauran sassa suna biyowa ne a hankali, gwargwadon yadda iyali suka ƙaru da yadda kaka ta yi kyau. Saboda haka fasalin farko yakan ƙunshi wuraren da ba a gina ba tukuna, amma an san abin da aka ajiye su dominsa. Wannan tanadi na filin gobe yana daga cikin manyan hikimomin tsarin, kuma za mu komo kansa a gaba.

3.0 Sassan Gida da Matakan Izini

3.1 Ƙofar Gida da Zaure

Matakin farko yana waje da katanga. Filin da ke gaban gida, wanda Sakkwatawa ke kira garka, na kowa ne, amma yana ƙarƙashin kulawar maigida: shi ke sa a share shi, kuma a nan yake gina dakali don zaman hantsi da na yamma. Mai wucewa yana da ikon tsayawa a nan ya gaisa ba tare da neman izinin kowa ba.

Mataki na biyu shi ne zaure, wanda mutanen birnin Kano suka fi kira soro. Shi ne ƙofa ɗaya tilo ta shiga gida, shi ne kuma fuskar maigida a idon gari. Don haka a kansa ake kashe kuɗin ado, a yi masa zankwaye da zane a goshi. Aikinsa ya wuce na mashiga. A nan maigida ke karɓar baƙi, a nan yake cin abinci da maƙwabta, a nan masaƙi ko baduku ko maɗinki ke sana'arsa, a nan malami ke ba da karatun littattafai, har aka sami kalmar "karatun zaure". A nan ake raba goron ɗaurin aure da na suna, a nan kuma baƙon da dare ya yi wa ke kwana. Muhimmin abin lura a wajen gininsa shi ne, ƙofar waje da ƙofar ciki ba sa fuskantar juna. Akan kautar da ta ciki zuwa gefe, ko a gitta ɗan bango a gabanta, yadda wanda ke tsaye a waje ba zai hango komai na ciki ba ko da ƙofofin duka a buɗe suke. Baligin namiji da ba muharrami ba, a nan tafiyarsa take ƙarewa. Ya yi sallama, ya aiki yaro.

3.2 Farfajiya da Shigifa

Wanda ya wuce zaure zai faɗa wani fili wanda a wasu wurare shi ma ake kiransa ƙofar gida, a wasu kuma farfajiya ko sarari. A nan ake gina ɗakin samari da ɗakin baƙi, a nan kuma turken doki ko na jaki yake. Yaron da ya tasa, wanda ya girmi kwana a ɗakin uwarsa amma bai isa aure ba, nan ake fito da shi. Yana cikin gida, ana ganin shigarsa da fitarsa, amma abokansa ba sa ratsa wurin mata kafin su same shi.

Daga farfajiya sai shigifa, wato zaure na biyu, ƙarami, wanda shi ne ainihin ƙofar cikin gida. Kalmar ta samo asali daga Larabci, saƙifa, kuma a biranen Magrib ma da wannan suna ake kiran karkatacciyar mashigar gida. A shigifa maigida kan gana da aminansa da surukansa, nan kuma matar gida kan fito ta gaisa da ɗan'uwanta ko wani na kusa da miji ya yarda da shi. A gidajen sarakuna da attajirai ana iya samun zaure uku ko fiye a jere, kowane da irin mutanen da ke tsayawa a cikinsa.

3.3 Cikin Gida

Bayan shigifa sai cikin gida, wanda ya kan ɗauki kaso mafi girma na filin. Zuciyarsa ita ce tsakar gida, kuma kuskure ne a ɗauke ta a matsayin ragowar fili da gini bai cinye ba. Ita ce babban ɗakin gidan, sai dai ba ta da rufi. A nan ake daka da surfe da tankaɗe da shanya da wanki da kitso, a nan yara ke wasa a gaban idon iyaye, a nan matan kulle ke gudanar da sana'o'insu na ƙuli-ƙuli da fura da ɗinkin hula, a nan ake shimfiɗa a sha iska a daren bazara. Ɗakuna duka ita suke fuskanta, sun juya wa titi baya.

Kowace matar aure tana da ɗakinta, wanda a birni kan kasance ciki da rumfa: rumfar don zama da jeren kaya, ƙuryar don kwana. Idan mata sun fi ɗaya, wajibi ne ɗakunan su yi daidai a girma da kyau, domin ɗan bambancin taki guda yana iya zama tushen husuma ta shekaru. Turaka, wato ɗakin maigida, akan gina ta kusa da shigifa, yadda zai ga mai shiga da mai fita, kuma yadda matar da ke da girki za ta je ta komo ba tare da ta bi ta ƙofar abokiyar zamanta ba. A babban gida inda 'yan'uwa ke zaune tare, musamman masu noman gandu, akan raba cikin gida sassa-sassa, kowane magidanci da sashensa da 'yar katangarsa, amma zaure ɗaya ne.

3.4 Madafa da Rijiya da Makewayi

Madafa kan zauna a gefen tsakar gida, nesa kaɗan da ɗakunan kwana saboda hayaƙi da tsoron gobara, kuma a lokacin rani galibi a waje ake kafa murhu. Rumbu da akurki da turken awaki suna can gefe. Makewayi kuwa can ƙarshen gida ake kai shi, nesa da rijiya da madafa, a kewaye shi da zana ko gajeren bango. Akan kuma lura da gangaren fili tun farko, don a san inda za a fitar da rariya ruwa ya bi ba tare da ya kwanta a gindin katanga ba.

4.0 Dalilan Wannan Tsari

4.1 Addini

Aya ta 27 ta Suratun Nur ta hana shiga gidan wani sai da neman izini da sallama, aya ta 58 kuma ta ambaci lokuta uku da ko yaran gida sai sun nemi izini kafin su shiga wa manya: kafin sallar asuba, da lokacin ƙailula, da bayan sallar isha'i. Zaure da shigifa da turaka su ne suka mayar da waɗannan hukunce-hukunce gini. Haka nan umarnin raba wa yara wurin kwana idan sun kai shekara goma shi ne tushen ɗakin samari. A fiƙihun Malikiyya kowace mata tana da haƙƙin mazauni nata na kanta. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid, wanda kusan kowane almajirin zaure ya karanta, ya hana mutum buɗe tagar da zai riƙa hango cikin gidan maƙwabcinsa, ko buɗe ƙofa daura da ƙofarsa, ko yin haƙan da zai cutar da shi. Wannan ne ya sa tagogin tsofaffin gidaje suke ƙanana kuma can sama. Akwai kuma hanin fuskantar alƙibla ko ba ta baya a lokacin biyan buƙata. Da yake alƙiblar ƙasar Hausa gabas ce mai ɗan karkata arewa, sai ya zama mazaunin masai ya kamata ya dubi kudu ko arewa.

4.2 Yanayi

Hadarin damina a ƙasar Hausa daga gabas yake tasowa, kuma bangon gabas ne ya fi shan dukan ruwa. Shi ya sa ake ƙara masa kauri da yaɓen makuba, ake kuma ƙin buɗe ƙofar ɗaki ta wannan fuska in da hali. Iskar hunturu mai ƙura daga arewa maso gabas take busowa, iska mai sanyi ta damina kuwa daga kudu maso yamma. Rana tana dukan bangon gabas da safe, na yamma da la'asar, kuma zafin na yamma ne ke kwana a ɗaki. Tsakar gida da bishiyar da ke cikinta suna ba da inuwa da rana, da dare kuma zafi ya sami hanyar tashi sama. Lura da kusurwoyin duniya tsohon abu ne ga Bahaushe. Guy Nicolas ya nuna, a nazarin da ya buga a 1966 a kan Hausawan yankin Maraɗi, yadda ake bin kusurwoyi huɗu wajen shata gari da kasuwa da gona da gida.

4.3 Kayan Gini

Girman ɗakin soro yana hannun azara. Azarar giginya ba ta ɗaukar nauyin rufin ƙasa idan tazarar ta wuce kimanin ƙafa 6, don haka mai son ɗaki mai faɗi sai ya nemi gwanin da zai yi masa tauyi, ko ya kafa ginshiƙi, ko ya ɗaura baka, kamar irin ɗaurin guga. Irin wannan gwaninta ce ta kai ƙololuwa a Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu. Amma aiki ne mai tsada, sai a zaure da turakar mai hali. Sauran ɗakuna ƙanana ne, kuma ƙanƙantarsu ba ta damun kowa tun da yawancin rayuwa a tsakar gida ake yin ta.

4.4 Girman Iyali

Gidan Bahaushe yana girma tare da masu shi. Binciken Schwerdtfeger a birnin Zariya ya nuna yadda gine-ginen gida ke ƙaruwa da raguwa bisa ga aure da haihuwa da mutuwa da rabuwar 'yan'uwa. Ɗa ya yi aure, a yanka masa sashe. Tsohuwa ta rasu, ɗakinta ya zama kango, bayan shekaru a kwaɓa ƙasarsa a tayar da wani. Idan aka zo rabon gado, ana iya jan katanga a fasa sabon zaure, gida ɗaya ya zama biyu ba tare da an sayar da shi ba.

5.0 Shaidar Harshe

Babbar shaidar cewa fasalin gida da tsarin zumunta abu ɗaya ne a tunanin Bahaushe tana cikin harshensa. Kalmar "gida" tana nufin gini, tana kuma nufin zuriya, kamar a "gidan sarauta" ko "gidan malamai". Daga gare ta aka sami maigida da uwargida da ɗan gida. Idan aka ce wa mutum "ina gida?" lafiyar iyalinsa ake tambaya. Kalmar "ɗaki" kuwa ta zama ma'aunin dangantaka ta wajen uwa: 'ya'yan da suke "ɗaki ɗaya" uwarsu ɗaya, kuma a gidan mata da yawa da ɗaki-ɗaki ake lissafin 'ya'ya. Miji kan ce "mai ɗakina" don kauce wa ambaton sunan matarsa. Yarinya ta yi aure, an "kai ta ɗakinta"; aure ya mutu an sasanta, ta "koma ɗakinta". Har dangantakar da ba ta jini ba an ara mata wannan kalma, aka sami uban ɗaki da uwar ɗaki da ɗan ɗaki.

Kalmomin sakaya na wurin biyan buƙata su ma taswira ce. "Bayan gida" da "banɗaki", wato bayan ɗaki, da "makewayi" da "zagayawa", duka suna nuna wuri ne da ake barin mazauni a kewaya kafin a kai gare shi. Yau banɗaki ya shigo cikin ɗaki, amma sunansa yana nan yana ba da labarin inda yake a da.

Idan aka dubi kalmomin aro kuma, za a ga zamani biyu. Shigifa da taga da al'amudi daga Larabci suke, sun shigo tare da malamai da fataken Sahara. Falo da kicin da sito da baranda da gareji da fuloti da bulo daga Ingilishi suke. Abin lura shi ne, rukunin farko ya shiga cikin tsarin da ya tarar ya ƙarfafa shi, amma rukuni na biyu ya zo da nasa tsarin daban.

6.0 Abin da Ya Sauya

Gidan da Turawan mulki suka gina wa kansu a bariki kishiyar gidan Bahaushe ne. Dunƙulallen gini ne a tsakiyar fili, tagoginsa manya suna duban waje, fili ya kewaye shi maimakon shi ya kewaye fili. An tsara shi don mutum ɗaya da matarsa ɗaya, masu hidima kuma suna can baya. Dokar garuruwa ta 1917 ta raba unguwannin Turawa da na 'yan ƙasa da fili mai faɗin yadi 440 wanda ba a gini a cikinsa. Da ma'aikata 'yan ƙasa suka gaji waɗannan gidaje bayan 1960, sai wannan fasali ya zama alamar ci gaba. Shirin gidaje masu sauƙin kuɗi na gwamnatin Shehu Shagari, daga 1979 zuwa 1983, ya baza zane iri ɗaya a jihohin Nijeriya, kuma a wurare da dama a Arewa abin da mazauna suka fara yi shi ne jan katanga da ƙara ɗaki a bakin ƙofa, wato suka mayar wa gidan zauren da tsakar gidan da aka hana shi.

Ban da wannan, fili ya yi tsada. Fulotin da hukuma ke yankawa mai kusurwa huɗu ne, kamar ƙafa 50 da 100, dillalai kuma kan raba shi biyu ko fiye. Zane ya koma takarda, kuma sau da yawa mai gida ba ya iya karanta ta. Yakan ga gidan abokinsa ne ya ce a yi masa irinsa. Matar da za ta wuni a gidan kuwa ba safai ake tambayarta ba.

Illolin da ke biyo baya sanannu ne. Falo ya haɗa aikin zaure da na tsakar gida, alhali ayyukan nan biyu ba sa haɗuwa: baƙo ya zo, matan gida su tashi su shige ƙurya har sai ya tafi, ko kuwa maigida ya tsaya da shi a jikin mota. Kicin na ciki an yi shi don ƙaramar tukunya, ba shi da wurin turmi balle tukunyar suna. An cinye fili da gini har jikin katanga, tagogi suna buɗewa a kan bango, ɗaki ya zama tanda da zarar wuta ta ɗauke. Mai bene ya buɗe taga a kan tsakar gidan maƙwabcinsa. Uwar maigida ta tsufa an ɗauko ta, babu inda za a sa ta sai ɗakin yara. Ranar rabon gado kuma, gidan da aka yi wa rufi ɗaya da falo ɗaya ba ya rabuwa, sai a sayar a raba kuɗi, zuriya ta watse.

Ba a cewa tsohon tsari ba shi da aibu. Ɗakunansa suna da duhu da ƙarancin iska, masai da rijiya kan kusanci juna a cunkushen unguwanni, soro kuma yana son yaɓe duk shekara. Abin da ya cancanci a riƙe shi ne hikimar rabon fili, ko da an sauya kayan gini.

7.0 Misalin Tsara Sabon Gida

Kafin a je wurin mai zane, ya kamata maigida da uwargida su zauna su amsa wasu tambayoyi. Su wane ne za su riƙa shigowa gidan nan, kuma ina kowannensu zai tsaya? Wace hidima ake yi kullum, wace ce kuma ake yi sau ɗaya a shekara? Su wa ake sa ran za su zauna a gidan bayan shekara ashirin? Adadin ɗakuna daga amsoshin nan yake fitowa.

Mu ɗauki fuloti mai faɗin ƙafa 50 da tsawon ƙafa 100, wanda titi yake yamma da shi. Ƙafa 30 na gaba a bar su ga sashen waje: wurin ajiye mota, da falon baƙi mai kimanin ƙafa 14 da 16 wanda ke da ƙofarsa ta waje da banɗakinsa, da ɗakin samari a gefensa. Wannan falo shi ne zaure, ko da an sa masa kujeru. Daga nan a gitta bango, a yi 'yar shigifa wadda ƙofofinta ba sa duban juna.

A ciki, a jera ɗakuna a gefen arewa, zurfinsu ƙafa 14, da baranda mai ƙafa 6 a gabansu tana duban kudu: turaka kusa da shigifa, sai falon iyali, sai ɗakin uwargida, sai na 'yan mata, da banɗakuna biyu a tsakani. Jerin zai ci kimanin ƙafa 66. Da haka dogayen bangaye suna duban kudu da arewa, gajeru ne kawai ke shan ranar safe da ta yamma, kuma kowane ɗaki yana iya samun taga biyu masu duban juna don iska ta ratsa. Idan aka cire tazarar da hukumar tsara birane ke sharɗantawa a bari a jikin katanga, za a sami fili mai faɗin kimanin ƙafa 20 a gefen kudu. A raba tsawonsa uku: ƙafa 12 na can gabas don kicin da sito da rumfar murhu, ƙafa 30 na tsakiya su zama tsakar gida wadda ba za a taɓa ginawa ba, ƙafa 24 na kusa da shigifa kuma a ajiye su don gobe. Nan ne za a yi wa tsohuwa ɗaki, ko amarya, ko ɗan da ya yi aure, kuma da yake wurin yana kusa da mafita, yana iya zama sashe mai cin gashin kansa. Tsakar gidan nan murabba'in ƙafa 600 ce daga cikin 5,000, wato kashi 12 cikin ɗari na fulotin kawai.

Rijiya ta zauna a kusurwar gaba, inda maƙwabta za su iya ɗiba ba tare da sun shiga wurin mata ba, ramin masai kuma a kusurwar baya. Ma'aikatan lafiya kan so tazarar ta kai mita 30, wanda kusan shi ne tsawon fulotin duka, don haka dole a tambayi maƙwabta inda nasu ramukan suke kafin a yi haƙa. Mai ƙaramin fili, kamar 50 da 50, ba zai sami duk wannan ba, amma ko shi yana iya kautar da ƙofa, ya ba falon baƙi mashiga ta daban, ya kuma bar ɗan fili a buɗe. Daga ƙarshe, bayan mai zane ya gama aikinsa, yana da kyau a koma ga dabarar magabata: a je filin da igiya da toka a shata zanen a ƙasa, maigida da uwargida su shiga su zaga, kafin birkila ya aza bulo na farko.

8.0 Kammalawa

An yi ƙoƙari a wannan maƙala a nuna cewa zaure da farfajiya da shigifa da tsakar gida da turaka matakai ne na izini, waɗanda addini da yanayi da kayan gini da tsarin iyali suka haɗu suka haifar, kuma harshen Hausa ya adana shaidarsu. An kuma nuna cewa bulo da kwano ba su hana a bi wannan tsari a sabon gida ba. Akwai sauran aiki a gaban manazarta, musamman tattara sunayen sassan gida a karin harshen Kano da Katsina da Sakkwato da Zazzau da Damagaram da Gobir daga bakin tsofaffin magina tun suna raye, da kuma shigar da su cikin abin da ake koya wa ɗaliban zanen gini. Magini ya san cewa zane a jikin bango sai yaɓe yana ɗanye, shi ya sa Hausawa suka ce tun ran gini, tun ran zane. Allah ya sa mu dace.